Ƙafafun Ɗan Iya

Shekarar da ciwon bushiya ya shigo wa shanu, ni kaɗai na rage lebura a garken Alhaji Kassimu. Da mu biyu ne, ni da Sabo, amma Sabo yana da wayon da Allah bai ba ni ba. Tun da sa na uku ya faɗi ya naɗe tabarmarsa ya yi kudu. Ni kuwa matata Barira tana da tsohon ciki, babu inda za ni.

Garken yana bayan ƙauyenmu ne, ta wajen Bagwai. Shingen aduruku, rumfunan kara uku, rijiya ɗaya, da turke arba'in da biyu, kowanne da sa a ɗaure. Ba kiwon Fulani ba ne da ake kora su daji. A ƙasarmu ina dajin yake? Gona ce jikin gona, ko akuya ka saki da damina sai ka kwana gaban mai unguwa. Waɗannan shanun a tsaye suke ci su yi ƙiba, wata huɗu ko biyar, sannan babbar mota ta zo ta kwashe su zuwa Ikko. Aikina in zuba harawa da kowar wake, in dama dusa da kanwa, in ja ruwa har tafin hannuna ya daina jin igiya, in kwashe kashi in tara gefe saboda gonar Alhaji. Shekara shida ina wannan. Ko ta bayan shinge sa ya yi tari, na san wanne ne.

Damina biyu a jere ba ta yi mana kirki ba. Geron da na girbe bai kai mu tsakiyar rani ba, akuyar Barira ma ta tafi a kan hatsi. Muna cikin wannan sai bushiya ta zo ta ce ita ma a san da ita.

Ciwon ba shi da gaggawa, ba shi kuma da tausayi. Yau sa zai ƙi dusa. Gobe ido na hawaye, miyau na dalala. Jibi baki ya yi gyambo, zawo ya ɓalle, da wani wari da har yau in na tuna sai na tofar da yawu. Kwana biyar, shida, ya kwanta. An ce allura tana nan zuwa. Ta zo ɗin, amma ba ta riski namu shanun ba.

Alhaji a Kano yake zaune, ran Asabar yake zuwa. Wannan Asabar ɗin ya tsaya bakin shinge ya toshe hanci da hannun riga, ya miƙo min sabuwar wuƙa a cikin kube.

Ya ce, "Dabo, abu ɗaya nake so. Kada ka bar min ko ɗaya ya zama mushe. Da ka ga ya kwanta ya kasa tashi, sa masa wuƙa. Dallatu zai riƙa zagayowa kullum."

Dallatu mahauci ne daga Bici. Yakan zo a kan babur ya duba, in akwai yankakke ya koma ya taho da akori-kura, a loda shi ɗungurungum, ko hanji ba a bari.

Ni ban taɓa yanka abin da ya fi rago ba, don haka na je wajen limaminmu, Malam Muhammadu Sani, tsohon da ya raɗa min suna, ya kuma ɗaura min aure. Na tambaye shi hukuncin dabbar da ciwo ya riga ya ci ƙarfinta.

Ya ce, "Idan ka sa wuƙa, ka sa ido. In ya kaɗa wutsiya, ko ya ƙifta ido, ko ya harba ƙafa, ko jini ya yi tsartuwa, to ka riske shi da rai, ya halatta. In babu ko ɗaya, mushe ne, a rufe shi. Ba wanda zai gani sai kai da Allah. Duk wanda ya ci naman nan, a kan maganarka ya ci."

Ranar da na yanka na farko ban iya cin tuwo ba. Ranar na biyar na ci. Wajen na goma sha biyar, ina jan wuƙa ina tunanin ko na rufe bakin rijiya. Ba taurin zuciya ba ne, don ban ji zuciyar ta yi tauri ba. Ban ji ta ba ne gaba ɗaya, kamar ƙafar da ka daɗe a zaune a kanta. In tashi da asuba, in je garke, in ga wanda ya kwanta, in juya kansa alƙibla, in yi bisimilla. In kwance igiyar in rataye a rumfa. Igiyoyin suka yi ta yawa.

Kullum Dallatu ya zo, maganarmu ɗaya ce.

"Ya motsa?"

"Ya motsa."

"Me ya motsa?"

"Wutsiya."

Sau biyu na ce masa bai motsa ba, muka haƙa rami. Alhaji ya yi faɗa har da kumfar baki, amma tun daga nan Dallatu ya riƙa gaya wa mahautan Bici cewa naman da ya fito daga hannun Dabo ba a tambaya. Na ji daɗin wannan a lokacin, ɗan kaɗan. Talaka ba shi da abin da ya wuce a yarda da maganarsa.

Mutanen ƙauye suka ƙaurace wa hanyar garken. Mai saniyar noma ko biyu in ya hango ni sai ya ratse, wai a ƙafata nake ɗauke da ciwon. Ban ga laifinsu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa kake yi.

To ga abin da ke cikin raina duk tsawon wannan lokaci. Cikin Barira na uku ne. Na farko ya zo ba rai. Ta biyu, Rahmatu, kwana talatin da ɗaya ta yi. Nono ne ya ƙafe, aka yi ta ba ta ruwa da madarar akuya har ta daina kuka. A wajenmu in mace ta haihu, abu biyu ne a wuyan miji kafin suna: itacen wankan jego, da kauri, wato ƙafafun sa guda huɗu da za a dafa da kayan yaji mai jego ta sha romo ta ci, jikinta ya dawo, nono ya kawo. A haihuwar Rahmatu ƙafafun akuya na kawo. Ba wanda ya ce min ni na kashe ta. Amma mata sun yi maganar a bakin turmi, kuma katangarmu ta kara ce.

Kakar Barira, Iya Mairo, ita ce ta faɗa min a fuska, don ita tana da ikon yi. Tun da na auri jikarta take kirana angonta.

Ta ce, "Angona, bana in ka sake kawo min ƙafar akuya, sakina za ka yi. Mutum yana kwana cikin shanu yana tashi cikin shanu, gidansa ko kofato babu?"

Na yi dariya don a zauna lafiya. Asabar na zagayowa na tari Alhaji da maganar, kaina a ƙasa. Bai musa ba.

Ya ce, "In an sauka lafiya, wanda ka yanka a makon, kai da ƙafa naka ne. Zan gaya wa Dallatu."

Daga ranar sai na koma lissafi biyu. Ina duban cikin Barira, ina duban turakun da suka rage. Sha ɗaya. Takwas. An rufe karar shanu a kasuwanni, ko da ina da abin saye babu inda zan sayo, balle ba ni da shi. Biyar. Barira tana ta jan ƙafa a tsakar gida, haihuwa shiru. Uku. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta mutuwar dabba don in ci ƙafarta ba sai a shekarar nan, kuma ko kunyar roƙon ban ji ba.

Na ƙarshe shi ne Ɗan Iya. Ni na sa masa sunan. Bokolo ne fari, gajerun ƙaho, tozo kamar tulu, fatar wuyansa tana reto kamar ya sa babbar riga. In za ka zuba masa dusa sai ya kawar da kai tukuna, ya bari ka matsa, sannan ya ci, wai shi ba ya ci gaban talakawa. Shi kaɗai nake yi wa magana a garken. Duk 'yan'uwansa suka faɗi hagu da dama, shi yana tsaye yana tuƙa.

Asabar ɗin da ya rage shi kaɗai, Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Idon san ya fara hawaye, amma yana ci.

Ya ce, "An ce akwai masu tashi daga ciwon nan. Wannan kada ka sa masa wuƙa yana tsaye. Sai ya kwanta ya kasa tashi, ka ji ko? Ko shi kaɗai ne Allah ya bar min, in san ban fita hannu rabbana ba."

Na ce na ji.

Ran Litinin da hantsi Barira ta sauka. Namiji. Iya Mairo ta rangaɗa guɗa, aka dasa tukunyar wanka, safe da yamma ana tafasa ruwa da ganyen runhu. Ragon suna kuwa, liman da kansa ya ce a raɗa suna kawai, yanka ya jira sauƙi, don a shekarar ba ni kaɗai ba ne. Amma kauri ba ya jiran sauƙi. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, yaron yana kama nono yana saki yana tsala kuka. Na san kukan. Irin na Rahmatu ne.

Na shiga in duba su ran Alhamis. Barira tana kwance ta juya fuska bango, leɓenta ya bushe. Kunun kanwar da ake ba ta ruwa ya fi gari yawa.

Ta ce, "Malam, yaya Ɗan Iya?"

Na ce, "Yana tsaye."

Ta ce, "To."

Mu biyu muna jiran dabba ta faɗi, ba wanda ya iya furtawa.

A ranar ya ƙi dusa, zawo ya ɓalle masa da yamma. Na zauna gindin turkensa da wuƙa a cinya har magariba. Yana layi, yana nishi, amma ƙafafun nan huɗu sun kafe. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka yi wa Allah ka kwanta." Ya kawar da kai kamar yadda ya saba. Da na so da na kayar da shi a lokacin, babu mai gani. Amma Alhaji ya ce sai ya kwanta, ni kuma na ce na ji. Haka nake a lokacin, mutum mai riƙe magana.

Ran Juma'a da sassafe Iya Mairo ta tare ni a zaure.

Ta ce, "Ango, itace ya ƙare ƙaf. Na safe ma da kara na ƙarasa. In babu wankan yamma sanyi zai shige ta, kuma ka san abin da ke biyo baya."

Na leƙa garke. Yana tsaye. Na ce a raina zai kai azahar. Na ɗauki gatari na nufi gonar gadonmu, inda ɗorawar babana take da wani reshe da ya bushe. Da babana yana raye da ya tsine min kafin in sa wa ɗorawar nan gatari. Na hau, na sara, na faskara, na yi ɗauri uku, na kai gida a ka, sawu uku. An ce ba a tauna taura biyu, to ni ranar na gwada. Lokacin da na sauke ɗauri na ƙarshe rana ta take tsaka, maza sun fara wucewa masallacin Juma'a.

Tun daga bakin shinge na ga turken babu kowa a tsaye.

Yana kwance ta gefen dama, wuya a miƙe, igiya ta ɗame. Ƙudaje sun zauna a kan idonsa, idon a buɗe, bai kore su ba. Na dafa cikinsa, da ɗumi. To amma bazara ce, ko dutse ka dafa da ɗumi. Ban tsaya tunani ba. Na kama ƙaho na murɗa kansa alƙibla, na yi bisimilla, na ja wuƙa.

Na sa ido yadda liman ya ce. Na dubi wutsiya. Na dubi ido. Na dubi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Jinin ya fito baƙi, a hankali, ya gangara ya kwanta cikin ƙasa. Na jira. Na ma ɗan taɓa wutsiyar da yatsan ƙafata, ta tafi inda na tura ta, ta tsaya a nan.

Na goge wuƙar na zauna a inuwar rumfa. Ban yi kuka ba, ban yi salati ba. Ina jiyo huɗuba sama-sama daga lasifika. Na lura takalmina ɗaya ya tsinke, na zauna ina gyara shi da zaren buhu.

Bayan an sakko daga masallaci Dallatu ya iso, da farar rigarsa ta Juma'a. Ya kafe babur, ya tsuguna gaban san, ya dubi jinin. Babu wanda ya san jini kamar mahauci. Ya daɗe a tsugune, sannan ya yi tambayarsa ba tare da ya dube ni ba.

"Ya motsa?"

Na san abin da yake yi. Ƙofa ya buɗe min. Da na ce ya motsa, da ya tafi ya taho da mota, ya ce a wuyana, naman ya shiga Bici da Kano, ni kuma in ɗauki kai da ƙafa a gaban kowa.

Na ce, "Bai motsa ba."

"Ko wutsiya?"

"Ko wutsiya."

Ya ce, "Inna lillahi. To sai rami."

Ya tuɓe rigar ya rataye a kan babur, muka kama haƙa. Ƙasar bazara kamar daɓe. Muna haƙa muna hutawa har inuwa ta karkata. Da ramin ya isa, Dallatu ya kama tozo ya ce in kama baya mu mirgina. Ban kama baya ba. Na zaro wuƙa na kama ƙafar gaba.

Ban shirya ba. Ban zauna na ce zan yi kaza ba. Hannuna ne ya tafi, ni kuma na bi shi.

Dallatu ya saki tozon ya miƙe.

Ya ce, "An sauka ne?"

Na ce, "Ran Litinin. Namiji."

"Nono fa?"

Ya juya yana kallon rijiya. Ni kuwa ina ta gurzar ƙashi, wuƙa tana zamewa, gumi yana shiga min ido. Can ya yi tsaki.

Ya ce, "Kai, za ka kashe wuƙar banza. Ba ta ƙashi ake bi ba, ta gaɓa ake bi."

Bai karɓi wuƙar ba, bai kuma taɓa ƙafar ba. Kara ya tsinta a ƙasa ya nuna min wurin da shi. Na bi inda ya nuna, ƙafar ta rabu kamar da ma jira take. Haka muka yi huɗun. Kan kuwa ban iya cire shi ba, na bar wa san abinsa. Muka mirgina shi, muka mayar da ƙasa, muka tattake.

Yana sa riga ya ce, "Ni Juma'a na je. Da na zo na tarar da rami a rufe."

Na zuba ƙafafun a buhun dusa na saɓa. A hanya na yi wa kaina hisabi, kuma ya yi min daidai. Ban ciyar da Bici mushe ba, ban ciyar da Kano ba. Mace ɗaya ce za ta ci, ba ta sani ba, babu komai a kanta. Zunubin nawa ne ni kaɗai, kuma ƙarami ne, ƙafa huɗu. Mutanen ƙauye za su ɗauka Dallatu ya kwashe naman kamar kullum. Alhaji zan gaya masa mushe ne, shi kuwa ba ya shiga ƙauye.

Iya Mairo ta zazzage buhun a tsakar gida ta sake rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Yau angona ya cika namiji! Ina kan? Ko ka cinye a hanya?"

Na ce kan ya lalace da ciwo. Ta ce ba komai, ƙafa ake nema. Nan da nan aka hura wuta da itacen ɗorawar babana, aka babbake gashin, aka kankare, aka sassara. Matar yayana, Fadima, ta kawo citta da kanumfari, wata ta kawo masoro, wata kimba. Ƙaurin babbakar ya bi gida gida. Unguwar da ta yi wata da watanni ba ta ji ƙamshin nama ba, ga shi ya tashi daga gidan Dabo.

Na ja Iya Mairo gefe na ce, "Iya, wannan na Barira ne ita kaɗai. Kada a ba kowa."

Ta riƙe haɓa ta dube ni sama da ƙasa.

"Ji min marowaci! A gidan uban wa aka taɓa cin kauri a ɓoye? Ai kauri shi ke gaya wa gari an haihu a gidan mutum. Duk wadda ta kawo min yaji in hana ta romo? So kake a sa jikata a waƙa? Tafi can, wannan ba maganar maza ba ce."

Wallahi na manta. Na girma a ƙauyen nan, na sha romon kaurin gidaje ba iyaka, an kawo wa uwata, an kawo wa matata. Amma tun daga bakin ramin nan har gida, ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba cewa rabawa ake yi.

Tukunyar ta kwana a kan wuta. Asabar da hantsi na je garke na jira Alhaji, na gaya masa san ya mutu ban riske shi ba. Bai yi faɗa ba. Ya dubi igiyoyi arba'in da biyu a rataye, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ce in rufe rijiyar da kyau. Ya shiga mota.

Da na dawo an fara rabo. Na zauna a dakalin zaure, kwanuka suna fita ta gabana. Fadima ta fito da na gidan mai unguwa. Aka fitar da na gidan yayana, da na ungozoma, da na makauniyar da ke bayanmu. Kowanne romo ne da 'yar tsoka ɗaya ko biyu, an rufe da faifai. Na ƙirga goma sha huɗu. Na sha biyar ya fi sauran girma, Iya Mairo da kanta ta ɗauko shi.

Ta ce, "Na Malam liman ne. Shi zai raɗa sunan, a fara wanke masa maƙogwaro."

Tsakanina da ita taku biyu ne. Miƙewa kawai zan yi in ce a dawo da su. Na ga hakan a raina sarai, har na ga yadda za ta saki kwanon. Sannan a zubar da tukunyar, har da rabon Barira. Ina zaune ina kallon takalmina, ɗinkin jiya ya fara warwarewa. Ta wuce.

Bayan la'asar liman ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, a gaban mutane.

Ya ce, "Dabo, Allah ya yi albarka, Allah ya raya. Rabona da romo tun Babbar Salla. Iyalina suka ce ba na bushiya ba ne kuwa? Na ce ku ci. Yankan Dabo ba a tambaya."

Na ce, "Amin, Malam."

Kada in ja muku rai, yaron ya rayu. Shi ne Sama'ilu, yanzu shi ke ciyar da ni. Ko kaurin ne ya kawo nonon, ko da ma lokacinsa ne ya yi, Allah ne ya sani. Daga baya na sha jin malamai a rediyo suna cewa larura tana halatta abin da aka hana. Wataƙila ta halatta wa Barira. Ban sani ba ko ta kai har kwano goma sha biyar. Ban taɓa tambaya ba, don mai tambaya sai ya fara faɗin abin da ya yi, su kuwa waɗanda ya kamata su ji, liman da Iya Mairo da Barira, duk sun riga ni. Na ci gaba da yanka wa mutane ragunan Layya shekara da shekaru, don kowa ni yake kira.

Amma ba wannan nake yawan tunawa ba. Yammacin Asabar ɗin nake tunawa.

Na dawo daga masallaci Iya Mairo ta ce ana kirana a ɗaki. Barira tana zaune ta jingina da bango, an gama mata wankan yamma, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Yaron yana ƙirjinta. Ba ya kuka. Ina jin ƙarar haɗiyarsa daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ya fara zuwa."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta tura min wani ɗan kwano da ƙafarta. Ta ɓoye shi ne a bayan gado don kada a haɗa da na rabo. Romo ne da guntun kofato, wajen da ya fi laushi.

Ta ce, "Naka ne. Shekara shida kana yi musu bauta, ko sau ɗaya ba ka ɗanɗana ba."

Na ce na ƙoshi.

Ta ce, "Da me? Ci mana. In ba ka ci ba ni ma na daina."

Na tsuguna. Na san ƙafar, ta gaba ce ta hagu, akwai tsaguwa a kofaton tun ranar da aka sauke shi daga mota. Gari duk ya ci a kan maganata, matata ta ci, ɗana yana sha a jikinta. Ban ga dalilin da zai sa ni kaɗai in tsira da baki mai tsarki ba. Na sa hannu na kai baki. An ce ya yi yaji, ya yi daɗi, an yi mako ana zancensa a unguwa. Ni ban ji komai ba, taunawa kawai nake yi.

Barira tana kallona. Ta gyara wa yaron kwanciya.

Ta ce, "Malam, ba ka yi bisimilla ba."

Na ci gaba da taunawa.

Ta ce, "To, na yi maka."